Ba Ka Biyan Haya, To Ina Kuɗin Ke Tafiya? Lissafin Magidanci A Mai'adua

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua ke ci, kuma farashin da aka tashi da shi a ranar shi ke bin gidajen garin har mako ya zagayo. Tun da hantsi ake sauke shanu da raƙuma da tumaki daga Damagaram da Matamaye da Magarya. Fatake masu kai dabbobi Kudu suna jiran a cika musu tireloli, 'yan canji kuma suna zaune da damin naira a gefe guda, na sefa a ɗaya gefen. Magidancin da ya shigo da kuɗin awonsa gani yake da maƙwabtansa kaɗai yake rububin gero. Ba haka ba ne. Har da mutumin da ya tsallako ta Kwangwalam da sefa a aljihu yake takara.

Kafin gwamnatin tarayya ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, jaka guda ta sefa ba ta wuce naira 1,200 zuwa 1,300 ba a hannun 'yan canji. A cikin 2024 ta haura naira 2,500. Baƙon da ya zo daga Nijar ya wayi gari kuɗinsa sun ninka ƙarfi, shi kuwa malamin firamare ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke karɓar albashi da naira ya wayi gari komai ya yi masa nisa. Mai sayar da hatsi ya dara. Mai saye don tukunyar gidansa ya ji a jikinsa.

Wannan ɗaya ne kawai cikin abubuwan da suka faɗo wa garuruwan bakin iyaka a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A Nuwamban shekarar hukumar kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, abin da ya jefa mutanen garuruwa irin Mai'adua hannun 'yan bumburutu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tsallake 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Wata biyu bayan cire tallafin, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum a Yamai, aka sake garƙame iyaka, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. A Yunin wannan shekarar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekarar da ta gabace ta. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli kuwa naira 70,000 ne.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke hannun magidanci. Amma akwai tambayar da ke hannunsa. Galibin magidanta a Mai'adua da sauran garuruwan masarautar Daura a gidajensu suke zaune, ko na gado ko wanda suka gina da guminsu. Ba su san tashin hankalin da ɗan haya a Kano ko Abuja ke shiga ba idan shekara ta zagayo. To me ya sa wata ba ya kaiwa ƙarshe sai an je kanti an ce a rubuta?

Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce, kuɗin gida ba a dunƙule suke fita ba. A awon kullum suke fita, da jarkar ruwa, da ƙullin itace, da litar mai, da cajin waya, da ƙullin sukari da na omo. Kuma duk wanda ke saye kaɗan-kaɗan kullum, shi ya fi kowa biyan tsada, don kowane hannu da kaya suka bi kafin su zama ƙulli sai ya cire ribarsa. Mai gidan kansa yana da abubuwa uku da ɗan haya ba shi da iko a kansu: rufi, da tsakar gida, da ɗakin ajiya. Yana iya gina murhu, ya shuka itace, ya kafa tanki, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Yawancinmu mun bar waɗannan ukun suna zaman banza.

Gero a kaka, gero a damina

Abinci ne ke cin kaso mafi girma na abin da talaka ke samu, don haka nan ya kamata a fi daɗewa. Kowa a ƙasar Daura ya san gero da dawa da wake suna faɗuwa a kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sannan su yi ta hawa har su kai ƙololuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Sanin bai hana mu maimaita abu guda kowace shekara ba. Manomi ya kai geronsa kasuwa a lokacin da ya fi araha, ya dawo a watan Yuli yana sayen irin wannan geron tiya-tiya a hannun wanda ya saya daga gare shi. Ma'aikaci kuwa da ba ya noma sai ya bar kaka ta wuce, don bai taɓa zama ya lissafa abin da gidansa ke ci ba.

Lissafin ba wuya gare shi ba, sai dai ba a wurin maigida yake ba. Uwargida ce ta san tiya nawa ake kai wa inji a mako, ta san ranar da ake ninka sanwa saboda baƙi, ta san abin da ke saura a bai wa almajirai. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana bukatar tiya 365 a shekara, wato kimanin buhu tara idan aka ɗauki buhu a tiya 40. Ko da mutum ba zai iya tara ba, ya sayi huɗu ya ajiye su don watannin Yuni zuwa Satumba kaɗai, ya ci gaba da awo a watannin sauƙi. Da yawa daga cikin magidanta ba su taɓa yi wa matansu wannan tambayar ba, sai dai faɗa idan an ce awo ya ƙare.

Akwai gargaɗi a nan, kuma 2025 ta koyar da shi da zafi. Waɗanda suka ga yadda hatsi ya yi tashin gwauron zabi a 2024 suka ci bashi suka cika ɗakuna da masara da gero don su sayar da riba. Gwamnati kuwa tun a Yulin 2024 ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, amfanin gona ya yi kyau, farashi ya juyo ƙasa, mutane da yawa suka tafka asara. Ajiyar ci daban, ajiyar riba daban. Wanda ya sayi abin da iyalinsa za su ci, ko farashi ya faɗi bai yi asarar komai ba sai 'yar rarar da zai samu. Wanda ya ci bashi ya ɓoye yana jiran tsada, caca ya yi da abincin mutane.

Sai batun ƙwari, wanda shi ke hana da yawa ajiye wake. Gero a damminsa cikin rumbu yana shekaru lafiya, kakanninmu sun san haka. Wake kuwa wata biyu ya ishe shi ya zama gari da huji. Maganin da aka saba, wato a yayyafa fiya-fiya ko a jefa ƙwayar guba cikin buhu a ɗakin da yara ke kwana, ya sha kai iyalai asibiti, kuma saboda irin wannan gubar ce Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Alhali mafita tana nan kusa. Buhun PICS, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙira, aka gwada shi sosai tare da masu binciken aikin gona na Maraɗi, aka fara yaɗa shi a 2007, a Kano ma ana ƙera shi. Leda biyu ce masu kauri cikin buhun saƙa. Idan aka ɗaure kowace daban, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Sharaɗinsa uku: wake ya bushe ƙayau, leda ba ta da huda ko ta allura, a kuma ɗora buhun kan katako nesa da ɓera. Idan aka kula da shi yana yin kaka fiye da ɗaya. Wanda bai samu ba, jarka mai murfi ko duro da aka cika taf aka toshe suna yin aikin.

Kayan miya ma haka. Tumatir da tattasai da attaruhu suna zubewa a lokacin sanyi, idan na fadama da na madatsun ruwa suka fito, sannan su zama gwal da farkon damina. Kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka ba abincin rashi ba ne, dabara ce ta mutanen da suka san ƙasarsu. Don ajiyar ɗanye na 'yan kwanaki kuwa, wani malami daga Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa mai iska. Ruwan da ke bushewa shi ke janye zafin. A busasshiyar iska irin ta Mai'adua ta fi aiki, kuma ba ta jiran a kawo wuta.

To wanda ba shi da kuɗin buhu fa? Wannan ita ce tambayar gaskiya, don tanadi ma sai da jari. Amsar tana cikin abin da muka riga muka iya. Idan salla ta matso, mutum goma sukan haɗa kuɗi su sayi sa su yi watanda, kowa ya samu naman da ya fi na mahauta yawa. Ban ga abin da ya hana a yi watandar buhun shinkafa ko na sukari, ko jarkar man gyaɗa, ko katan ɗin sabulu ba. 'Yan majalisa ɗaya da ke shan shayi tare kowane dare sun isa. Haka adashi: maimakon a bar kwasa ta faɗo ko yaushe a kashe ta a hidimar da ba a shirya ba, a tsara ta ta zo daidai da kaka.

Murhu da itace

Kananzir ya daɗe da fita daga lissafin talaka, tun da litarsa ta haura naira 1,000. Gas, wanda aka yi ta kwaɗaita wa mutane, kilonsa ya wuce naira 1,000 a 2024, gidaje da dama suka jingine tukunyar suka koma gawayi da itace. Itacen kuma a yankin da hamada ke matsowa ba kyauta ba ne, daga nesa ake kawo shi, kuɗin mota na ciki.

Murhun duwatsu uku da muka gada yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska. Abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, saura kuwa ya tafi a hayaƙin da ke cin idon mai girki da ƙirjin goyon da ke bayanta. Mutanen wannan yanki ba baƙin wannan magana ba ne. Daga 2014, wani shiri da Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa, ƙungiyar Oxfam da cibiyar ICEED suka gudanar, ya yi aiki a ƙananan hukumomi bakwai na arewacin Katsina: Daura, Mai'adua, Zango, Ɓaure, Sandamu, Dutsi da Mashi. Aikinsa biyu ne, raya itatuwa a gonaki da koyar da ginin murhu mai tsimin itace. Shirin ya ƙare kamar yadda irinsa ke ƙarewa, amma murhun ba ya bukatar Bature. Yumɓu ne da ƙaiƙayi ko kashin jaki, a gina shi ya rungume gindin tukunya, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafar fitar hayaƙi. Gidan da ke ƙona itacen naira 500 a rana, ko kashi ɗaya cikin uku ya rage, ya tsira da kusan naira 60,000 a shekara. Kuɗin buhun hatsi ke nan daga laka.

Sauran dabarun mata sun fi mu saninsu: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a yi amfani da busasshen itace, a kashe ragowar garwashi a adana. Akwai kuma abin da ba a son faɗa. A gidan da kowace mata ke hura tata wutar don dafa wa 'ya'yanta ɗan wani abu bayan girkin gida, itace biyu ake ƙonawa saboda rashin jituwa. Wannan ba murhu ke gyara shi ba, adalcin maigida ne.

Mai gona kuwa ya leƙa tsallaken iyaka. A yankunan Matamaye da Magarya da Mirya, da kuma jihar Maraɗi, manoma sun daina tumɓuke tohon itatuwan da ke fitowa a gonakinsu. Sukan zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su sassabe saura. Wannan sassaben zamani, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa shi a Maraɗi tun shekarun 1980, ya mayar da itatuwa kan fili da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo ya fi yawa a wajen Matamaye, don yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Ƙasarsu irin tamu ce, ruwan samansu bai fi namu ba. Gonar da ke da itatuwa ashirin da ake yi wa aski duk shekara ta ɗauke wa gida wani kaso na sayen makamashi.

Wutar da ba ta zuwa, da wadda ke cin albashi

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit. An yi ta surutu a birane. A garuruwa irin Mai'adua kuwa, ba tsadar yunit ce babbar damuwa ba. Rashin wutar ne, da kuma takardar bil da ke zuwa ko an ga wuta ko ba a gani ba. A watan Oktoban 2024 kusan dukkan Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta.

Mai gidan da ke kan layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ba tare da mita ba ya kamata ya san cewa tun watan Fabrairun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da kamfani zai iya rubuta wa wanda ba shi da mita, gwargwadon abin da masu mita a layinsa ke sha. Yana da haƙƙin ya rubuta ƙorafi, yana da haƙƙin ya nemi mitar kati. Mai mita shi ke ganin amfanin tsimi. Kwan fitila biyar na da, masu wat 60, idan suka yi awa shida suna shan yunit 1.8. Irin na yanzu masu wat 9 ba su kai sulusin yunit ɗaya ba, haske kuma iri ɗaya. Hita da dutsen guga da risho na lantarki su ne masu cinye kati. Satar wuta ta bayan mita ba ta cikin tsimi, haram ce, ga tara, ga gobara.

Amma babban ɓarawon gida shi ne ƙaramin janareta. Yana shan kusan rabin lita a awa. Awa huɗu kowane dare lita biyu ke nan. A lissafa lita a naira 1,000, a wata an ƙona 60,000, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. Wato mai karɓar mafi ƙarancin albashi, idan ya ce zai kunna inji kullum don fanka da kallon ƙwallo, naira 10,000 ce za ta rage masa. Kuɗin man wata uku zuwa huɗu sun isa a fara ƙaramar sola: faranti ɗaya ko biyu, batir, fitilu, fankar da ke aiki kai-tsaye da batir, da wurin cajin waya. Rana kuwa ita ce abin da Allah bai rage mu da shi ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne son a fara da babba. A ce sai an ɗauki firji da talabijin da famfon ruwa, kuɗi kuma ba su kai ba, sai a sayi tsohon batir da aka yi wa sabon fenti, wata shida ya mutu, a ce sola ƙarya ce. Gara a fara da abin da aljihu zai iya, a sayi batir mai kyau a wurin wanda za a iya komawa gare shi, a ajiye shi a ɗaki mai sanyi don zafi ke kashe shi, kada kuma a riƙa tatse shi har ƙasa. Da hunturu ƙura kan lulluɓe faranti ta rage masa ƙarfi sosai. Tsumma da ɗan ruwa sau biyu a mako sun wadatar, aikin yaro ne.

Babur ma gida yake ci. Zirga-zirgar da za a haɗa a yi sau ɗaya a Daura, kada a raba ta uku. Waya kuwa, tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, magidanci ya duba abin da shi da samarin gidansa ke zubawa a data a wata, ya kwatanta da kuɗin cefane. Zai sha mamaki.

Rufi da bango

Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Ƙasar Daura na samun kimanin milimita 600 a shekara mai matsakaicin ruwa. Rufin kwano mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10 yana karɓar lita 60,000 ke nan a damina guda, wato jarka 2,400 mai lita 25. Duk wannan ruwa muna kallo yana bin indararo ya fita lungu, ya zaizaye gindin katanga, ya taru ya haifi sauro, washegari kuma mu tsayar da mai kura mu sayi ruwa. Ba wanda zai iya tare shi duka. Amma tanki ɗaya da bututu a bakin kwano sun isa su ɗauke sayen ruwan wanki da wanka da na dabbobi tsawon damina, har a shiga kaka da saura. A bar ruwan farko ya wanke rufi ya zube, a kuma rufe tankin ruf.

Ruwan alwala da na ɗauraya, idan aka yi masa hanya zuwa kusurwar gida, zogale da rama da yakuwa da lalo za su rayu a kansa. Zogale biyar a bayan ɗaki sun raba gida da sayen ganyen kwaɗo.

Ginin kansa yana da nasa bil ɗin. Mun guje wa soron ƙasa da azara don a ce mun ci gaba, muka koma bulo da kwano ba silin, ɗakin da a watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, yake zama kamar tanderun mai burodi. Daga nan sai neman fanka, fanka ta nemi janareta, janareta ya nemi mai. Kaurin bangon ƙasa yana riƙe sanyin dare ya kai shi rana, shi ya sa tsofaffin zaurukan Daura suke da daɗin zama da azahar. Wanda ya riga ya yi bulo, silin ko da na tabarma ko kwali ne yana rage zafi, haka tagogi biyu masu kallon juna, haka darbejiya a yammacin ɗaki. Wanda kuma yake cikin ginin ƙasa kada ya ji kunya, ya dai yi yaɓe ya gyara indararo kafin ruwan farko. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, katangar da ta faɗi a watan Agusta tana iya cinye abin da gida ya tara shekara guda.

Inda tanadin ke rushewa

Ana iya yin duk abin da aka lissafa a sama, biki ɗaya ya share shi. Ba banza ba ne bukukuwa suke yawa bayan kaka: lokacin ne manomi ke da abin sayarwa. Lefe akwati kaza, kayan ɗaki, gara, anko, kamu, yinin biki, sai ka ga rumbu ya koma rabi kafin amarya ta tare. Uban da ya sayar da geron damina don gadon da za a yi ta nunawa 'yan kallo, shi ne zai tsaya gaban mai awo a watan Yuli. Malamai suna wa'azi a kan wannan, amma mutum ɗaya ba ya iya karya al'ada, don gorin dangi ya fi bashi ciwo a wurin uwar amarya. Sai dai a yi shi a unguwance ko a dangi, dagaci da liman da dattawa mata su zauna su yanke abin da za a tsaya a kai, mai hali ya fara bi kafin a nemi talaka ya bi.

Ragon layya da na suna kuwa, wanda ke zaune kusa da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa bai kamata ya saye su a makon da kowa ke nema ba. Ɗan tunkiya da aka saya watanni kafin salla, aka tanadar masa harawa da ƙaiƙayin wake tun kaka, ga dusar gida, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, takinsa kuma ya tafi gona. Sharaɗin shi ne a tanadi abincin da wuri. Wanda zai sayi harawa da bazara, gara ya haƙura da kiwon.

Bashin ruwa, ko na banki mai yankar albashi tun kafin ya shigo, ko na manhajar waya, ba ya rage tsadar rayuwa, ƙara mata kuɗi yake yi. Akwai kuma wuraren da tsimi asara ne. Gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta da damina, da awon ciki, da kuɗin littafin makaranta, ba nan ake rage kashe kuɗi ba. Kwana uku a gadon asibiti sun fi buhun gero tsada.

Maigida, kakar bana kafin ka kai tiya ɗaya kasuwa, ko kafin albashin Nuwamba ya narke, ka zauna da uwargida da takarda da biro. Ku rubuta abin da gidan ke ci a mako, da abin da ake kashewa a itace da ruwa da mai. Wanda ya fi girma a cikinsu, da shi za ku fara.